Maganin kansar jini na miliyan 270: ko kyauta aka ba mu, ina za mu sa shi?



Kwanan baya wani ɗan'uwana ya turo mini vokal a WhatsApp, irin wanda ake ta turawa daga wannan gurup zuwa wancan. Wani mutum ne ke magana da ƙarfin hali, wai Turawa sun gama da kansar jini. A cewarsa allura ɗaya ce tak: a ɗebi jininka, a gyara shi, a maida maka, ka tashi ka kama harkarka. Ɗan'uwan nawa ba don nishaɗi ya turo ba. Yaron maƙwabcinsa, ɗan shekara 9, wata uku ke nan ana fama da shi, yau masassara, gobe ƙarin jini, jibi haɓo, har daga ƙarshe lokotoro ya ce a wuce da shi Yamai. Uban ya riga ya fara neman mai sayen gona. Tambayar da aka yi mini gajeruwa ce: "Maganar nan gaskiya ce? In gaskiya ce, ina ake samun shi?"

To, maganin akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Amma mai vokal ɗin ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi, kuma rabin da ya haɗiye shi ne wanda zai iya raba bawan Allah da gonarsa a banza. Shi ya sa na ce bari in kawo zancen nan, don na san ba gida ɗaya ba ne saƙon ya shiga.

Likitoci suna kiran abin CAR-T. Cikin jinin kowane ɗayanmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki, kuma cikinsu akwai wata runduna da ake ce ma T. Aikinsu farautar baƙo. Matsalar kansar jini ita ce ba baƙuwa ba ce, ƴar gida ce ta lalace, don haka sojan yakan wuce ta bai gane ta ba. Abin da masana suka yi shi ne su fitar da sojojin nan daga jikin majinyaci da wata na'ura mai tace jini, aikin ƴan awoyi, su kai su masana'anta, su sa musu wani sabon umarni cikin ƙwayar halittarsu. Da umarnin nan sojan yake tsiro da wani ƙugiya a jikinsa wanda ke kama wata alama, mafi yawa wadda ake kira CD19, da ke bisa ƙwayoyin kansar. Sai a hayayyafa su su kai miliyoyi, a daskarar da su, a maido su. Kafin a ɗura su ana yi ma majinyaci shimiyo na ƴan kwanaki don a share musu fili. Ɗurin kansa bai cika wuce rabin awa ba. Daga nan su ci gaba da haihuwa cikin jiki suna kisa. Magani ne mai rai.

Yarinya ta farko da aka gwada ma shi, Emily Whitehead, tana da shekara 6 a watan Afrilun 2012, a asibitin yara na Filadelfiya a Amurka. Kansar ta dawo mata har sau biyu, an gama duk wata dabara. Bayan ɗurin, zazzaɓi ya rufe ta, hawan jininta ya faɗi, aka sa ta cikin na'urar numfashi, iyaye suka fara fidda rai. Da aka duba jininta sai aka ga wani sinadari da ake kira IL-6 ya haura fiye da hankali. Shugaban binciken, Carl June, ya san wani magani mai toshe sinadarin, tosilizumab, saboda ɗiyarsa tana amfani da shi don ciwon gaɓoɓi. Aka ba ta, ta farfaɗo, ta buɗe ido ranar da ta cika shekara 7. Yau budurwa ce, ta shiga jami'a. Ku riƙe wannan labari, don za mu dawo gare shi. Ba allurar kaɗai ta cece ta ba.

A ƙarshen watan Agustan 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko, Kymriah na kamfanin Novartis. Kuɗinsa a lokacin dala 475,000 ne. In ka juya shi sefa, wajen miliyan 270 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 500 yana tarawa. Kuma wannan kuɗin jakar ƙwayoyin ce kawai, ba a sa kwanciya, analiz, da jinyar abin da zai biyo baya ba. Wata biyu bayan haka aka amince da Yescarta a kan dala 373,000. Na kansar ɓargo da ake kira miyelom, irin su Carvykti da ya fito a 2022, sun fara a sama da dala 400,000.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba duka ba ce ƙarya. Parasetamol injin guda ke buga miliyoyi a yini. Wannan kuwa ɗinkin tela ne: na Audu ba ya shiga jikin Garba, in aka yi kuskure aka musanya ma kisa ne. Kowace jaka aikin mutum ɗaya ce, cikin ɗaki mai tsabtar da ta fi ta ɗakin tiyata, da ma'aikata masu horo na musamman, da wata ƙwayar birus da aka cire ma dafi wadda ke ɗaukar umarnin ta kai cikin sojan. Ita kanta birus ɗin tsada gare ta, kuma a 2021 da 2022 ƙarancinta na cikin abin da ya sa masu miyelom a Amurka suka yi ta layi, asibiti ya samu gurbi ɗaya ko biyu a wata alhali majinyata da yawa na jira.

Amma ni ban yarda cewa dala 475,000 daga sama ta faɗo ba. A 2017 ɗin nan kamfanin Gilead ya sayi kamfanin Kite, mai Yescarta, a kan dala miliyar 11.9. Wanda ya zuba wannan kuɗi ai sai ya fanshe, kuma a jikin majinyaci zai fanshe. Abin da ya tabbatar mini da haka shi ne abin da ya faru a wurare biyu. A Basalona ta ƙasar Sipaniya, wani asibitin jami'a mai suna Clínic ya haɗa nashi a cikin gida. Wata budurwa mai kansar jini, Ariana Benedé, ita da mahaifiyarta suka fara tara gudummawar jama'a don aikin. Ta rasu a 2016 ba ta ci moriyarsa ba, aka sa ma maganin sunanta, ARI-0001, hukumar ƙasar ta amince da shi a 2021. Kuɗinsa kusan yuro 90,000, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da kamfanoni ke karɓa a Turai. Sannan Indiya: cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin kansa na Tata Memorial suka haɗa kai, aka fitar da NexCAR19, aka amince da shi a watan Oktoban 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Ilimin ɗaya ne, sojojin jinin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wa ya yi, a ina, kuma ribar wa ake nema.

Kada dai murna ta yi yawa. Kashi ɗaya cikin goman nan har yanzu wajen miliyan 25 ne na sefa, albashin shekara 50 na wancan bawan Allah. Tsada ta ragu daga abin da ba ya misaltuwa zuwa abin da ba ya yiwuwa ga talaka.

Akwai kuma lokaci. Daga ranar da aka ɗebi ƙwayoyin zuwa ranar da suka dawo, sati uku ne zuwa biyar in komai ya tafi daidai. Kansar jini mai zafi ba ta jira. Akwai waɗanda ke rasuwa jakarsu na hanya. Akwai kuma waɗanda shimiyon baya ya riga ya gajiyar da sojojinsu, a kai masana'anta su ƙi hayayyafa, a ce a sake.

Yanzu mu koma ga Emily. Abin da ya same ta ba tsautsayi ba ne, halin maganin ne. In sojojin suka faɗa ma kansar gaba ɗaya, jiki yakan ɗauki wuta: zazzaɓi mai tsanani, faɗuwar hawan jini, numfashi ya gagara. Wasu kuma ƙwaƙwalwa yake taɓawa, mutum ya rikice, magana ta ɗauke, wani har da farfaɗiya. Shi ya sa a asibitocin da ke wannan aiki kullum ana ba majinyaci biro ya rubuta jimla guda, don lalacewar rubutu na cikin alamun farko. Dole a samu ɗakin reyanimasiyo a kusa, da tosilizumab a ajiye kafin a fara, da ma'aikatan da suka san bambancin wannan zazzaɓi da na ƙwayar cuta da ƙarfe ukun dare. Shekaru da yawa dokar Amurka ita ce majinyaci ya zauna kusa da asibitin sati huɗu, kada ya tuƙa mota sati takwas, ga wanda zai zauna da shi dare da rana. Sai a watan Yunin 2025 aka sassauta, aka maida kowanne sati biyu. Manomin Amurka da ke nesa da babban birni, shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Kamfanonin da kansu suna cewa wajen mutum 2 cikin 10 na waɗanda suka cancanta ne ke samu, a ƙasar da aka ƙirƙiro abin.

Bayan an sallame ka ma ba a rabu ba. Alamar CD19 ba a jikin kansar kaɗai take ba, tana jikin lafiyayyun ƙwayoyin da ke haɗa garkuwar jiki, sojan kuwa ba ya tambaya. Don haka mutane da yawa sai an riƙa yi musu ƙarin garkuwa ta jijiya wata da watanni, wasu shekaru. A farkon 2024 hukumar Amurka ta sa aka ƙara babban gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, wata sabuwar kansar na iya tasowa daga sojojin T. Ana bibiyar mutum tsawon rayuwa.

Kuma batun "ka warke shi ke nan" ɗin, a yi hattara. Cikin yaran da aka gwada ma Kymriah, fiye da 80 cikin 100 kansar ta ɓace a wata ukun farko, amma wani kaso mai yawa ta dawo musu daga baya, wani lokaci ta dawo ba tare da alamar CD19 ba, ƙugiyar ta rasa abin kamawa. Cikin manya masu kansar kaluluwa da aka fara ba Yescarta, kusan 4 cikin 10 ne ke raye bayan shekara 5. Wannan babban abu ne, don mutane ne da a da ake ƙirga musu watanni. Amma 4 ba 10 ba ne. Sannan duk waɗanda aka amince da su a Amurka da Turai na kansar jini ne. Wanda ya ce maka zai yi maganin kansar mama, ta hanta ko ta bakin mahaifa da shi, aljihunka yake kallo.

To mu ɗauka yau wani attajiri ya ce ga jaka goma kyauta ga Nijar. Wallahi tambayar da za ta fara tsaida mu ba ta kuɗi ba ce. Wa za a ba? Kafin a sa ƙugiyar CD19 sai an tabbatar kansar tana ɗauke da CD19, wato sai an ɗebi ɓargo an bi ƙwayoyin da na'ura ta musamman, ba kallon madubin likita kawai ba. Yaro nawa ne a karkarar Tasawa ko Magarya ke rasuwa da kansar jini an rubuta masassara da ƙarancin jini, don alamun farko kusan ɗaya ne? Sannan jini. Wanda aka yi ma wannan magani yana iya buƙatar ƙarin jini da plaket, ƙwayoyin da ke tsaida zubar jini, sati da sati. Plaket kuwa kwana biyar kawai take yi a ajiye. Kowa a nan ya san yadda neman leda ɗaya yake a watan Agusta da Satumba, lokacin da masassarar damina ta cika ɗakunan yara. Jakar ƙwayoyin kanta cikin tururin ruwan azot ake ajiye ta, sanyin da ya wuce digiri 120 ƙasa da sifiri, ba firigon gida ba. Ga kuran da muka sani da halinsa a watan Afrilu. Ga nisa: daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900, daga Maraɗi sama da 600. Wa zai bar gona da yara ya zauna wata biyu a Yamai yana jinya, kuma wa zai ciyar da shi?

Akwai wasu abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye waɗanda ba a cika faɗa ba. Na ɗaya ciwon hanta na B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma. Maganin da ke kashe ƙwayoyin garkuwa yana iya tada shi daga barci, don haka sai an gwada, an sa mutum bisa maganin hanta tukuna, kuma gwaje-gwajen farko ba su ɗauki masu ciwon a tashe ba. Na biyu, mafi yawanmu ƴan Afirka ta Yamma Allah ya halicce mu da wani nau'in jini wanda ke sa adadin wasu fararen ƙwayoyi ya fito ƙasa da na Bature, ba tare da wata cuta ba. Ma'aunin shiga gwajin magungunan kansa kuwa da jinin Bature aka tsara shi, sai ya riƙa zubar da baƙar fata a bakin ƙofa. Ga shi miyelom ya ninka sau biyu a baƙaƙen Amurka bisa farare, amma su ne ƴan kaɗan a gwajin maganinsa. Ke nan ilimin da aka tara a kan jiki irin namu bai kai na sauran ba.

Na san wani zai rubuto a ƙasa ya ce, malam, ƙasar da ake neman kuɗin ordonas na jika biyu, mi ya kai ka zancen maganin miliyan 270? Ina jin wannan magana, amma ban karɓe ta duka ba. A shekarar 2000 maganin Sida yana cin wajen dala 10,000 a shekara, manyan masana na cewa Afirka ta manta da shi. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bada na shekara a dala 350. Yau a gidan likita ake karɓar shi kyauta. Kuma ana aiki a kan hanyar da za a riƙa gyara sojan a cikin jiki, da allura, ba tare da fitar da shi masana'anta ba. A 2025 AstraZeneca da AbbVie kowanne ya sayi ƙaramin kamfanin da ke wannan bincike a kan kuɗin da ya kai dala miliyar. Har yanzu gwaji ne. In ya tabbata, masana'anta da jiran sati huɗu da ruwan azot za su iya fita daga lissafi. Zazzaɓin da ya kusa kashe Emily kuwa ba zai fita ba, haka buƙatar jini da reyanimasiyo.

Nan ne ra'ayina ya tsaya. Ban ga hikimar gwamnati ta ɗauki kuɗin jama'a ta fitar da mutum ɗaya ko biyu waje don wannan magani ba, don mun san su wa ake fitarwa in irin wannan dama ta samu. Abin da CAR-T ke buƙata kafin ya sauka, wato laboratuwar mai gane irin kansar, bankin jini mai plaket, ɗakin reyanimasiyo na yara, kuran da ba ya yankewa, shi ne dai abin da mai naƙuda da ke zubar da jini ke buƙata yau, da yaro mai emasi, da wanda ya yi hatsari a hanyar Dogon Dutsi. Ba asara ba ce ko CAR-T bai taɓa zuwa ba. Cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara gashi da na'ura a 2021, abin da a da sai an ƙetare iyaka. Mataki ne mai kyau, amma kansar jini ba gashi take so ba, shimiyo take so na tsawon lokaci, da jini, da maganin ƙwayoyin cuta, kuma a kusa da gida. Maraɗi, Damagaram da Tawa sun isa a ce kowanne yana da sashen da zai iya ci gaba da jinyar da aka fara a Yamai. In kuwa ranar haɗa CAR-T ta zo, hanyar Basalona da Bombay ce tamu, asibitin jami'a da kuɗin jama'a, kuma ba aikin ƙasa ɗaya ba ne. Ya kamata tun yanzu a tura matasan likitocin jini da ƴan laboratuwar Indiya su koyo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. CAR-T ba maganin farko ba ne, na wanda shimiyo ya gaza ma ne. Kansar jinin da ta fi kama yara, a ƙasashe masu hali wajen 9 cikin 10 suna warkewa da tsofaffin magunguna, irin su binkiristin da metotireksat, waɗanda aka sani fiye da shekara 50 kuma ba su da tsadar a zo a gani. Jinyar ce mai tsawo, shekara biyu ko fiye. Ita ma kansar nan mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai bin yankunan da masassara ta yi yawa, tana narkewa da shimiyo cikin makonni in an zo da wuri. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba a kai 30 ba. Wannan rata ba CAR-T ya haƙa ta ba. Zuwa a makare ne, da yankewar magani a farmasi, da uban da kuɗin mota ya ƙare mishi a wata na huɗu ya ɗauki ɗansa ya koma gida.

Ga masu shirin fita waje kuma, akwai ƴan kamasho da ke haɗa mutane da asibitocin ƙetare, wasu na kirki, wasu kuwa Allah ya kyauta. Kafin ka ba kowa ko dala, ka samu sunan kansar a rubuce daga likitan jini, ba "kansar jini" kawai ba, don iri-iri ce kuma ba kowace ke da CD19 ba. Ka tambaya ko an gama gwada shimiyo. Ka tambayi sunan maganin da hukumar da ta amince da shi. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da reyanimasiyo in abin ya rikice, da wanda zai ci gaba da duba majinyaci in kun dawo gida. Wanda ya ce maka babu haɗari, ko ya ce a turo kuɗi kafin a ga takardun analiz, ka kama gabanka.

Haka na faɗa ma ɗan'uwana, na ce ya je ya samu uban yaron ya ce mishi ya dakata da maganar gona. Abin da ke gabansu yanzu kuɗin mota ne, da abinci, da masauki a Yamai, da mutum huɗu ko biyar na dangi masu lafiya da za su riƙa bada jini bi da bi. Samarin unguwar sun riga sun fara rubuta suna. An ɗebi ɓargon yaron, ranar Alhamis ake jiran sakamako. Allah ya ba shi lafiya, da duk marasa lafiyarmu na gida da na asibiti.